Gem a Ɗakin Jego

Haihuwata ta fari a gidanmu na Gangare na yi wankanta, cikin damina, a farkon shekarun dubu biyu. Maigidana ya zauna a ɗakinmu na unguwar Congo-Russia, yana leƙo mu idan ya tashi daga kasuwar Katako. Har ranar suna ban san inda kaina yake ba saboda 'yan barka. Bayan suna kuwa sai gida ya yi tsit. Da safe Umma ta yi mini wanka da ruwan zafi da ganye, in sha kunun kanwa, in shayar da jaririyata ta yi barci, sai in zauna ina kallon ruwa yana zuba daga indararo. Ko tsinke Umma ba ta bari in ɗauka. Ni kuwa tela ce, hannuna bai saba zama haka nan ba.

Wajen kwana na goma sha biyu Yaya ya zo. Shi ne babba a gidanmu, gyaran rediyo da talabijin yake yi. Na yi masa ƙorafin zaman, ya yi dariya kawai. Washegari ya dawo, ya zaro wani abu daga aljihu kamar sabulun wanki, da ɗan gilashi a tsakiya da madannai hagu da dama.

Ya ce, "Kunna ki ji."

Ina kunnawa wani kiɗa ya tashi, siriri. Kafin ya kai ko'ina na gane shi.

Lokacin da nake 'yar shekara tara, marigayi Babanmu ya sayo gem irin wanda ake haɗawa da talabijin. A ciki akwai wani ɗan mutum da ke gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka, yana haye gadoji, yana guje wa miyagun dabbobi. Yaya da abokansa suka mamaye shi. Idan na miƙa hannu sai su ce zan ƙarar musu da rai, don rai uku kacal ake ba mutum. Sai in zauna bayan kujera ina kallo. Babu wanda ya taɓa ganin ƙarshensa a gidanmu, saboda da an ɗauke wuta komai ya goge, sai a koma farko.

Shi ne aka sake yi a wannan ƙaramin. An ƙara masa launi, ɗan mutumin ya sami ido da baki, amma hanyar tana nan yadda na san ta.

Yaya ya ce, "Wannan da batir yake aiki. Kuma ko kin kashe, daga inda kika tsaya zai tashi."

Na ce, "Yau dai an ba ni ke nan."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai kin girma."

Na ɗauka zan iya, tunda na san inda kowane rami yake. Ashe abin da ido ya sani daban, abin da yatsa ya iya daban. A ramin farko na faɗa sau uku a jere. Na yi ta dariya ni kaɗai har jaririyar ta motsa. Bayan kwana biyu yatsuna suka fara jin magana. Abin ya dace da mai jego: in yi minti biyar, yarinya ta yi kuka, in kashe in ɗauke ta, in dawo in tarar da shi yana jirana.

Gilashin ba shi da haske nasa, dole sai a bakin taga nake gani, balle idan hadari ya haɗu. A bakin tagar nan kuma Umma take zama tana tsince wake. Ba ta ji daɗin abin ba da farko.

Ta ce, "Uwa guda da ke, kin zauna kina wasan yara. Idan surukarki ta shigo me za ta ce?"

Na ce, "To ki ba ni waken in tsince."

"Ba za ki tsince ba."

A haka muka zauna, tana nata ina nawa. Maƙwabciyarmu ma, wata Ibo mai shago a bakin layi, da ta kawo mini farfesu ta gan ni da shi, sai da ta riƙe baki tana dariya. Ta ce da irin Hausarta, "Kana jego kana gem? Bari 'yata ya haihu, ni ma zan saya masa."

Na maƙale a mataki na biyar. Akwai wata gada da ke karyewa da zarar an taka ta, gabanta kuma wuta. Kwana biyu ina faɗawa. A rana ta uku, ina shirin sake gwadawa, sai Umma ta yi magana ba tare da ta ɗago daga faranti ba.

"Ba ta gada ake bi ba. Ki faɗa rami na biyu kafin gadar, akwai hanya a ƙasa."

Na dube ta. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na koma baya, na faɗa ramin da gangan, sai ga ni a wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa, na ɓullo bayan wutar.

Na ce, "Umma, a ina kika san wannan?"

Ta ce, "Shekara biyu ina ɗinkin hula a falon nan suna bugawa. Ina zan kai idona?"

Na miƙa mata na ce ta gwada. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Da ɗan mutumin ya zo bakin rami, maimakon ta danna, sai ta ɗaga abin gaba ɗaya sama, har da karkata jiki. Ya faɗa. Ta mayar mini ta ce, "Ni dai bar ni da gani."

Daga ranar muka raba aiki. Bayan wankan safe ta ɗauki jikarta a kafaɗa, ta matso da kujerarta, ni in danna ita tana leƙe. Iliminta ya ƙare a mataki na bakwai, don a nan su Yaya suke tsayawa. Abin da ke gaba sabo ne gare mu duka. Muka ga ƙasar ƙanƙara inda ƙafa ke santsi, muka ga cikin ruwa. Idan na yi gaggawa ta ce in tsaya in ga yadda dabbar take kai da komo tukuna. Yawanci ita ke da gaskiya.

A zaman nan ne ta gaya mini abin da ban sani ba. Ashe Baba ma yakan kunna gem ɗin idan mun tafi makaranta. Sai ya cire hula, ya zauna a ƙasa, ya roƙe ta kada ta faɗa wa yara. Bai taɓa wuce mataki na biyu ba. Ta yi dariya tana jijjiga yarinyar. Tun rasuwarsa ban taɓa jin ta kawo zancensa da dariya ba sai ranar.

Saura kwana huɗu arba'in muka kai ƙarshe, da hantsi, ana yayyafi. Na kayar da babban dodon da ke tare hanya a gwaji na tara. Kiɗa ya canza, wani rubutu ya yi ta hawa sama, ɗan mutumin yana ɗaga hannu.

Umma ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ta ce, "To, Alhamdu lillahi," ta miƙa mini yarinyar ta tafi duba tukunya. Da Yaya ya zo da yamma bai yarda ba, sai da Umma ta ba da shaida.

Na yi arba'in, na koma ɗakina, na tarar da ɗinkunan mutane sun taru suna jirana. Yaya ya karɓi abinsa, ban sake riƙe gem ba tun daga lokacin, kuma ban yi kewarsa sosai ba. Shekara ta zagayo ƙanwata ta zo nata wankan. Umma da kanta ta aika wa Yaya ya kawo gem ɗin da sabon batir. Ƙanwata ta juya shi sau biyu ta ajiye, ta ce ita rediyo take so. Da na je barka Umma ta ja ni gefe tana mita, wai yarinyar nan ba ta san abin daɗi ba.