Malam Wada da Aikatau Masu Jela

Malam Wada ɗan Tsamaye ne. Mahaifinsa manomin gero ne da bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma yana da rediyo, kuma a jikin rediyon nan Wada ya fara jin Turanci tun kafin a sa shi boko. Da ya gama kwalejin horon malamai a Sakkwato aka tura shi wata ƙaramar sakandare a gefen Gatawa. Shekara ashirin da uku ya yi a can yana koyar da Turanci, a aji mai taga biyu da allon da ya tsage ta tsakiya.

Abin da ɗalibansa suka fi tuna shi da shi wani littafin rubutu ne mai baƙin bango. A ciki yake tara irin aikatau ɗin nan da Turawa ke liƙa wa wata 'yar kalma a baya, sai ma'anar ta sauya gaba ɗaya. Shi ya raɗa musu suna da kansa, aikatau masu jela. Yakan ce look dubawa ne, amma look after kula da mutum ne. Call kira ne, call off kuwa fasa abu. In ya ji sabo a rediyo, ko tuwo yake ci sai ya wanke hannu ya rubuta. Matarsa Kande takan ce masa, “Malam, tuwon nan zai huce, ita jelar ba gudu za ta yi ba.”

Shekarar da hare-haren 'yan bindiga suka yi tsanani aka rufe makarantar. Suka ɗora abin da amalanke ɗaya zai ɗauka suka taho Sabon Birni, suka kama ɗaki a bayan shagon wani mai sayar da hatsi, Alhaji Halliru. Ɗansu guda ne, Atiku, shi kuma tuni ya tsallaka Maraɗi yana bin motar kaya. Daminarsu ta farko a garin zazzaɓi ya kwantar da Kande, kwana tara ta rasu. Lokacin an katse layukan waya a yankin, sai wani direba aka ba saƙo. Atiku ya iso bayan addu'ar bakwai, ya kwana uku ya koma.

An haɗa Malam Wada da wata makaranta a cikin gari, amma malaman da suka gudo sun fi azuzuwan yawa, darasi biyu kawai aka ba shi a mako. Sauran kwanakin yana kan benci a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar shago, yana kallon masu auna gero. Ya koyi dafa shinkafa da wake, kuma ya daɗe yana dafa ta mutum biyu bisa mantuwa. Baƙin littafin ya shiga ƙasan akwati.

Wata ranar Laraba da hantsi wata mata ta tsaya nesa kaɗan da bencin, ta durƙusa ta gaishe shi.

“Malam, ba ka gane ni ba. Sadiƙa ce, ta ajin da iska ta kwashe wa rufi.”

Ya gane ta. Yanzu ta kai shekara talatin, tana zaune wurin goggonta Inno da 'ya'yanta biyu, tana bin masu allurar rigakafi gida-gida. So take ta shiga makarantar kiwon lafiya, amma sau biyu tana zana jarrabawa Turanci na kayar da ita.

“Ina ya fi ba ki wuya, ɗiyata?”

“Inda aka ce a juya jimla, wanda aka yi wa abu shi dawo gaba. In aikatau ɗin mai jela ne sai in rikice.”

Da ya ji sunan nan a bakin wani, sai ya ce ta dawo gobe da littafi da biro.

Haka suka fara. Alhaji Halliru ya ba da tabarma, Sadiƙa tana zama a ƙasa shi yana kan benci, buhunan dawa a bayansu. Ranar farko ya rubuta mata My aunt brought me up, wato goggona ce ta rene ni, ya ce ta juya. Ta rubuta I was brought by my aunt.

“Kin yar da jelar,” in ji shi. “Yanzu abin da kika ce shi ne goggonki ta kawo ki, kamar yadda ake kawo wa Alhaji buhu. Ina up ya tafi?”

“Na ga kamar ba shi da wurin zama.”

“Wurin zamansa bayan aikatau, ko ina aikatau ɗin ya je. I was brought up by my aunt.”

Abin da ya fi damun ta shi ne jimlar da ke ƙarewa da jelar a rataye, irin su The children were looked after. Ta ce ji take kamar mutum ya buɗe baki zai faɗi wani abu sai ya fasa. Ya ce shi ma shekaru ya yi yana jin haka, amma daidai ne, an kula da yaran ke nan, magana ta cika. Ya kuma nuna mata waɗanda ba su juyuwa sam. In mota ta lalace akan ce The car broke down, babu wanda aka yi wa komai balle a kawo shi gaba. Don ya samo mata misalai ya sa ya zazzage akwati ya fito da littafin, ya tarar gara ta ci gefen shafi goma na farko.

A mako na uku ya ce ta daina kwafar nasa, ta je gida ta rubuto jimloli biyar daga abin da ta sani. Washegari ta miƙo takardar da hannu biyu. Ya sa tabarau ya karanta.

Our school was shut down. The cows were driven away. My husband was taken away from the farm. The phones were cut off. He was never brought back.

Bai san labarin mijinta ba, don bai taɓa tambaya ba. Ya sake karantawa daga sama, yana bin kowane layi da kan jan biro, bai sami inda zai gyara ba.

“Malam, dole ne sai na sa by, in faɗi wanda ya yi?”

“Ba dole ba ne. Kamar namu ne, an rufe, an kora, an ɗauke. Mai karatu zai gane.”

“To, za ni bar su haka.”

“Allah shi bayyana shi,” ya ce, ya ba ta biyar bisa biyar. Ranar ba su yi wani darasi ba. Ya ba ta labarin Kande, abin da bai yi da kowa ba tun bayan tafiyar Atiku, ita kuma tana saurare tana naɗe bakin mayafinta.

Wata huɗu suka yi. Ta zana jarrabawar, kuma da sakamako ya fito ta sami kiredit a Turanci. Ta zo da goggo Inno suka yi godiya, suka kawo masa ƙwaryar fura da zabo ɗaya. Bayan Sallah babba ta bar yaran wurin Inno ta shiga motar Sakkwato zuwa makarantar kiwon lafiya, cikin ayarin da jami'an tsaro ke rakawa.

Malam Wada ya yi ritaya a shekarar da ta biyo. Atiku ya aiko ya ce ya koma Maraɗi wurinsa, ya ce a'a, ba zai yi nisa da kabarin Kande ba. Alhaji Halliru ya ara masa wata 'yar gona a bakin gari, inda ake iya zuwa a dawo kafin azahar, yana shuka wake da kuɓewa. Sadiƙa takan kira shi wata Juma'ar in layi ya yi kyau. Takan tambayi ƙafarsa da ke ciwo, shi kuma ya tambayi karatu, kuma ba su cika wuce minti uku ba.