Sunan Inna a Lasifika

Shekarun da aka fara bikin ranar mata a Konni, ina cikin sayen albasa a Galmi ina ɗorawa a kamyo, babbar motar kaya. Ba zan ɓoye ba, ban ɗauki ranar komai ba. A ganina ta matan buro ce, ma'aikatan ofis, su ɗinka zane iri ɗaya su yi jawabi su watse.

Wata shekara sai ga wata malamar lakwal, makarantar boko, a rumfata, saura kwana biyu bikin. Ta ce sun zaɓi tsofaffi biyar da za a ba takardar yabo a gaban jama'a, kuma mahaifiyata na ciki, don rabin unguwarmu a hannunta aka haife su. Ta fito da alƙalami.

"Alhaji, mi sunanta? Na yanka muke so."

Ashe ban san shi ba. Mu Inna muke cewa. Unguwa kuma Ta Bazaga suke kiranta, tun ranar da aka kawo ta amarya daga can. Ko a kan katin shaidata wannan laƙabin aka rubuta, don shi na gaya wa sakatare. Malamar ta ce in babu suna zuwa gobe da la'asar, mai buga takardu zai rufe, dole su sa wata.

Tambayar Inna ba ta taso ba. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, magana ma sai ta kau da kai take yi mini. Babanmu ya rasu. Ƙannena da na tambaya kallona suka yi, su ma Inna suka sani. Matata ta ce ko ta sani, ba bakinta ne zai faɗi sunan surukarta ba.

Da safe na bar lodi a hannun direba, na hau moto, wato babur, sai ƙauyen Bazaga, wurin yayar Inna. Na same ta tana ɓarar wake a gindin rumbu. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta yi dariya har ta ture ƙwarya.

"Kai da anka ce ka san sunan kowane direba daga nan har Abijan?"

"Inna Babba, a rufa mini asiri."

"Wane asiri? Gemu ya fara fari, ba ka san wadda ta haihe ka ba! Ina goron tambaya?"

Na miƙa goro. Ta kira maƙwabtanta biyu su zo su ga Alhajin albasa, suka yi mini tsiya son ransu, sannan ta faɗa. Suna ne da nake ji kullum a kasuwa. Ta ce sunan kakarsu ne, kuma rabon da ta ji an kira ƙanwarta da shi tun kafin a kawo kamfanin siminti Malbaza. Ta ɗauko mayafinta ta ce ai da ita za a yi. A bayan moto na kawo ta, muka isa wurin malamar rana ta fara sanyi.

Ranar bikin, filin ya cika da mata, mu maza muna gefe a inuwar itacen bedi. Aka kira sunan a lasifika, haɗe da na mahaifinta. Inna na zaune tana waige-waige, tana neman wadda ake kira. Aka sake kira. Yayarta ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke anka kira! Tashi, ko kin mance?"

Ta tashi a hankali, ta rufe baki da mayafi. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka dinga guɗa, suna maimaita sunan, don su ma ranar suka fara jinsa.

Ni ɗan kasuwa ne, abin da na gani nake faɗi. Mace ta yi wa gari aiki shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa buƙatar sunanta sai da aka ware rana aka ce a rubuta.

Da muka koma gida Inna ta miƙa wa matata takardar ta ce a sa cikin akwati. Ta juya wajen bango, kamar yadda take yi in za ta yi mini magana.

"A gaya ma wancan mai yawon tonon asiri ya zo ya ci tuwo."