Ni na hana Hanifa gudu

Jama'a, wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar Hanifa, ku yi haƙuri, jinya muka sha.

'Yata ce, shekararta takwas, lukuta da ita, ni kuwa har alfahari nake yi. Tun tana ƙarama nake sayo mata maganin cin abinci a kemis, don kada dangin babanta su ce ba na kula da ita.

Da tari abin ya fara, sai numfashi mai ƙara kamar usur. Aka ce asma ce. Tsoro ya sa na kafa doka: ba gudu, ba tsallen igiya. Yaran layinmu na Kakuri suna wasa, ita tana leƙe ta taga, ina lallashinta da cincin da lemon kwalba.

Wata Talata da rana aka kira ni daga makarantarsu. Na tarar leɓenta ya yi duhu, ko "Mama" ta kasa faɗa. Wallahi na ɗauka ta tafi.

Kwana huɗu muka yi a asibiti. Oksijin, hoton ƙirji, gwajin jini, sannan sikeli.

Likita ta ce, "Maman Hanifa, ƙibar nan tana takura mata ƙirji, tana ƙara wa asmar ƙarfi. Tana wasa kuwa?"

Kunya ta rufe ni. Kakarta ta yi caraf ta ce, "Likita, jikin gidanmu ne fa!"

"Hajiya, numfashi muke nema mata, ba jiki ba."



Na zubar da maganin kemis. Muka rage maiƙo da zaƙi, kullum da yamma muna zaga layi a ƙafa. An sha kuka, har da nawa.

Asmar ba ta rabu da ita ba, amma ta lafa sosai. Iyaye, ƙiba ba ita ce lafiya ba. Kada ku kulle mai asma a ɗaki, ku tambayi likita irin wasan da zai iya, inhela kuma, wato maganin shaƙa, kullum a jakarsa.

Na gode wa duk wanda ya yi mana addu'a, Allah Ya saka da alheri.

Jiya ta faɗo gida tana haki. Na zabura na rarumo inhela.

Ta ce, "Mama, ajiye. Tsere muka yi, ni ce ta biyu."

Alhamdulillah. A tsakar gida na zauna na yi ta kuka.