Malamin Sikelin da Ya Koma Auna Kansa

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mini Isuhu malamin sikeli a kan jaki ba. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, kakar auduga ce, ina disfensa a Makarfi. Ku yaran yanzu ba ku san disfensa ba: ma'aikacin En'e ne, ba likita ba, ba nas ba. Wanke gyambo ne aikinmu, da ba da maganin tsutsa da na zazzaɓi. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu jira likita ya zo rangadi daga Zariya.

Duk manomin auduga daga Kudan har Ikara ya san Isuhu, kuma ba don daɗinsa ba. Shi ke auna auduga a kasuwa da sikelin nan mai ƙugiya. Ba ya cutar kowa, sai dai in ya rataya buhunka ya karanta, zai sauke, ya goge ƙugiya, ya sake ratayawa. Ka ɗauki buhu ka juya, sai ka ji, "Tsaya Baba, kawo in ƙara dubawa." Wani dattijo daga Likoro ya taɓa rantse mini cewa audugarsa ta kusa tsirowa a layi.

Wanda aka sauke daga jakin nan kuwa, wallahi na tsorata. Wuya kamar na zakara, riga na yawo a jikinsa. Mahaifiyarsa, Goggo Hansai, ba ta kama sunansa don ɗan fari ne. Ta ce, "Malam Disfensa, yaron nan sammu aka yi masa. Kullum a gabana ake kai musu tuwo shi da ƙannensa, kwano ya dawo tas, amma ga shi yana ƙarewa."

Na duba ido, na duba harshe, na ba da maganin tsutsa kamar yadda ƙa'ida ta ce. Babu tsutsa ko ɗaya. Allah ya taimake mu, likita ya iso a makon.

Likita ya tambayi Goggo, "Kwano ɗaya suke ci?"

"To, kwano nawa za su ci? 'Yan uwa ne fa."

Nan asiri ya tonu. Isuhu kan sa hannu, ya gutsuri loma, ya yi ta juya ta a miya yana hira, sannan ya tura ta gefen ƙannensa. Su kuwa samari, suka ga banza ta faɗi. Duk gidan ba wanda ya lura cewa mutum ɗaya na ramewa uku na yin kumatu.

Likita ya sallami kowa, ya bar ni ina tafinta. Da lallami Isuhu ya buɗe baki. Wai taubashinsa ne ya shafa masa ciki wata rana a kasuwa, ya ce malamin sikeli ya fara tumbin manya. Wasa ne irin na taubasai, kowa ya yi dariya ya manta, ban da Isuhu. Washegari kafin manoma su zo ya kama ƙugiya ya rataya kansa a sikeli don ya ga nauyinsa. Ya sauka, ya goge ƙugiya, ya sake hawa. Tun daga nan kullum sai ya hau, kuma duk abin da allura ta nuna, sai zuciyarsa ta ce ya yi yawa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na san hauka ne. Amma in ban sake dubawa ba, ji nake kamar wani mugun abu zai faru."

Bayan Isuhu ya fita likita ya ce mini, "Ka ga maimaita awon buhu da ƙin cin abinci? Gida ɗaya suka fito. Waswasi ne, tsoron kada a yi kuskure ko a wuce iyaka. Da yana kan auduga, yanzu ya hau jikinsa. Wanda ke kan auduga ɓata wa mutane lokaci kawai yake yi, wannan kuwa kisa yake yi."

Aka tafi da Isuhu asibitin Zariya, ya yi kwanaki har ƙarfinsa ya ɗan dawo. Da za a maido shi, likita ya ba ni umarni: kada ya kusanci sikeli tukuna, kuma kullum da rana in ci abinci da shi kwano ɗaya, mu biyu kawai, in sa ido a hannunsa. Ban da faɗa, ban da ɗure.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ma aikin En'e ne?"

Ya ce, "Shi ne babbansa."

Goggo Hansai ta ɗauki abin da zafi. Tuwon dawa da man shanu, dambu, fura da nono, har da kaza ranar Juma'a. Isuhu ya ci loma kaɗan yana gumi kamar mai huɗa, ni kuma kunya ta hana ni mayar wa tsohuwa da kwano cike. Wani lokaci ya ajiye loma ya ce zai je ya sake wanke hannu, in ce, "Zauna, hannun nan ya fi na liman tsarki." Ya harare ni, ya zauna. Akwai ranakun da muka koma baya, ya ƙi ci sam, in tafi gida raina a ɓace.

Ana nan wata Juma'a, saura cinyar kaza guda a kwano. Na saba tawa ce, na miƙa hannu ina ba shi labari. Sai na ji wayam. Na duba, ga ta a bakin Isuhu, yana tauna yana kallona ba ko kunya. Wallahi sai da na juya baya na share hawaye, ya ɗauka cinyar nake wa kuka.

Waswasin bai bar shi ɗungurungum ba. Da ya koma aiki yakan auna buhu sau biyu, amma bai ƙara hawa ƙugiya ba, ya yi aure, ya ga jikoki. Ni kuma na koyi cewa wata cutar ba ta kwalba ba ce, sai ka zauna da mutum ka kalli hannunsa. Don haka ku da kuke tsokanata da tumbin nan, ku dinga girmama shi. A bakin aiki na same shi, da umarnin likita.