Allurar da Baba ya gwada a akaifa

Aikina a jami'a fiƙe waya ne. In na faɗi haka sai mutane su kwashe da dariya, wai ashe ƙira na je koyo. To, su yi ta yi. Waya ce ta wani ƙarfe mai tauri da ake kira tangistin, siririya kamar zaren ɗinki. Nakan tsoma bakinta cikin ruwan soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, in sakar mata wuta kaɗan-kaɗan har ruwan ya cinye ta, guntun ƙasa ya faɗi, na sama ya fito da tsinin da ido ba ya ganin ƙarshensa. Allurar nan ake kafawa cikin wani tulun ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a matsa mata ƙarfin lantarki, sai ƙwayoyin lantarki su riƙa tsiyayowa daga bakinta. Mu kuma mu auna, wuta kaza tsiyaya kaza, mu jera a takarda har su ba da layi. In layin ya miƙe, gangarensa ne ke gaya maka kaifin allurar.

Sau ɗaya na ga wannan tsiyaya da idona, da allurar malamin da ke duba aikina. Da rana tsaka muka saki labule, sai gilashin da ke jikin tulun ya ɗauki wani haske kore-kore, ɗigo nan ɗigo can, yana kumbura yana sacewa. Na tsaya baki buɗe har malamin ya tambaye ni ko lafiya. Tun daga ranar nake ganin korayen ɗigon nan ido biyu, a cikin mota, a bakin murhu, wani lokaci har a kan sallaya, Allah ya yafe mini.

Nawa alluran kuwa sai haushi. Wannan ta dakushe, waccan ta fito da baki biyu, wata na fiƙe ta da kyau ta kuɓuce mini ta faɗi. Na zagi ruwan soda, na zagi masu ɗauke wuta, na zagi kaina. Wayar ma guntuwa ce da malamina ya zo da ita daga waje, kuma ya gaya mini ƙarara cewa in ban kawo awo ba kafin ƙarshen damina, sai dai in maimaita shekara. A guntun ƙarshe Allah ya dube ni. Da muka leƙa ta a madubin ƙara girma, malamin ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce a kafa ta bayan hutun Sallah.

Bayan hutu? Ɗakin gwajin da rufinsa ke yoyo, makullinsa na yawo hannu-hannu? Ina! Na soke gindinta a toton kara, na rufe cikin 'yar kwalba, na ce tare da ita za ni gida. A motar zuwa garinmu Isa na rungume jaka a ƙirji, duk ramin da muka faɗa sai na harari direba. Gero ya yi kore shar dama da hagu, hadari na tafiya a hankali ta wajen Sabon Birni, ni kuwa ina gyangyaɗi ina ganin gonakin suna kumbura suna sacewa.

Baba malamin allo ne, kuma a shekarar idonsa ya riga ya tafi, sai dai ya bambance haske da duhu. Amma bai daina fiƙe alƙalami ba. Wani makiyayi daga Kurawa kan kawo masa damin gamba, shi kuma ya zauna a zaure bisa buzu yana fiƙa da 'yar wuƙarsa. In ya gama kowane ɗaya sai ya ja bakin a kan akaifar babban yatsansa, ya ji ko ya yi. Haka mahaifinsa ke yi, haka duk malaman unguwarmu. Ni ma a hannunsa na koya. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Washegarin Sallah da hantsi na kai masa fura, ya tambaye ni wai me nake yi a can da ya hana ni zuwa gida. Sai daɗin baki ya ɗebe ni. Na ce ai ni ma fiƙa nake, alƙalamin da tawadarsa lantarki ce, yana rubutu da haske ba tare da ya taɓa allo ba. Fuskarsa ta washe. Ya ce in miƙo ya gani.

Wallahi kwalbar kawai na yi niyyar ba shi. Na miƙa, na juya in kore akuyar da ta sa baki a kwanon fura. Kafin in waiwayo ya buɗe murfi, ya zaro allurar da yatsu biyu cikin ladabi, ya ja bakinta a kan akaifarsa, sau ɗaya, a hankali.

Ni da ba a taka ni in yi shiru, ranar harshena ya mutu.

"Kai, wanga ya fiƙu," in ji shi. "Amma ba ki tsaga bakinshi ba, Uwata. Ta ina tawada za ta bi?"

Na ce irin wannan ba a tsagawa. Ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka, ya mayar da ita kwalba da hannunsa. Na ɗauki kwanon na shiga cikin gida, na zauna bayan rumbu na yi kuka har ya ishe ni. Haushin kaina nake ji. Wa ya aike ni?

A madubin jami'a bakin allurar ya lanƙwashe kamar lauje. Mun kafa ta duk da haka, muka yi ta ƙara wuta, gilashin bai ce uffan ba. Malamina ya tambayi abin da ya faru, na ce hanya ce. Sabuwar waya ba ta iso ba sai da rani, shekarar kuwa ta tafi. A gida na ce injin ne ya lalace, kowa ya ce Allah ya kyauta.

Da damina ta zagayo na samu layina, miƙaƙƙe, da wata allurar da ba ta kai ta farko ba. Na tafi Isa da albishir. Na tarar da Baba a zaure, gamba a gabansa, amma inna ta ce tun bara in ya fiƙe alƙalami sai ya ajiye, wani ya gwada masa. Na durƙusa na gaya masa na gama. Ya yi hamdala, yana juya wuƙar a hannu.

"Ranar nan na ji numfashinki ya tsaya," ya ce. "Na yi ta jira ki yi mani faɗa, ba ki yi ba. Hwaɗa mani gaskiya, Uwata, ni na cinye miki shekarag ga?"

Na riga na shirya ƙaryar injin, tana bakina. Na dubi idanun nan da ba su ganina, na ga shekara guda ya yi yana ɗauke da tambayar shi kaɗai.

"Kai ne, Baba," na ce. "Amma ni na miƙo maka."

Ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo. Ya lalubo hannuna ya riƙe gam, ya ce to yanzu ya samu abin da zai nemi gafara a kai, in yafe masa. Na fara cewa babu komai, ya girgiza kai, ya ce a'a, daga bakina yake so ya ji kalmar yafiya. Sai na faɗa.