Gottlieb Rennecke da Ambulan Mai Jan Hatimi

An haifi Gottlieb Rennecke a garin Goslar ranar 9 ga Maris, 1843. Mahaifinsa Albrecht mai auna ramukan ma'adinai ne, mahaifiyarsa kuwa Friederike, 'yar mai gasa burodi.

Karatunsa

A shekarar 1862 ya shiga jami'a, inda ya yi ɗaki ɗaya da wani ɗalibi mai fara'a da surutu, Alwin Dornbusch. Malamansu sun shaida cewa Gottlieb ya fi zurfin fahimta, amma Alwin ya fi saurin alƙalami, kuma tun a lokacin duk yabon da aka yi wa Alwin sai ya tsaya wa Gottlieb a maƙogwaro.

Aikinsa

A shekarar 1869 Gottlieb ya kammala hujjar wata ƙa'ida game da lambobin da ba sa rabuwa. Sai dai shafi na tara bai kwanta masa a rai ba. Saboda haka, maimakon ya buga, ya bi al'adar masanan zamanin: ya rufe takardun a ambulan, ya buga jan hatimi, ya damƙa wa majalisar masana, wadda ba ta buɗe irin wannan ajiya sai da izinin mai ita ko bayan ransa.

A 1871 Alwin ya buga ƙa'idar a mujalla da tasa hujjar. Nan da nan aka raɗa mata suna Ƙa'idar Dornbusch, aka kuma kira Alwin zuwa kujerar shehun malami a Berlin. Alwin ya aiko wa Gottlieb da kati cewa ya ji labarin ajiyar, ya roƙe shi ya buɗe a raba sunan biyu. Gottlieb ya jefa katin a murhu.

Aurensa

Ya auri Ottilie Brandes a 1874. Ita ce ta sha ɗawainiyar wannan hassada, domin a gidan ba a ambaton Berlin a kan teburin abinci. An ruwaito cewa wata rana da ya sake kawo zancen an sace masa suna, ta ajiye cokali ta ce, "Malam, ko ka buɗe ambulan ɗin nan, ko ka bar mu mu ci dankalinmu lafiya." Ya amsa da cewa, "In akwai kuskure a ciki fa? Alwin ne zai fara gani." Tsoronsa ke nan: gara a ce an zalunce shi da a ce ya yi kuskure.

Ƙarshen Rayuwarsa

Shekara talatin ya yi yana koyarwa a wata ƙaramar jami'a. Idan darasi ya iso kan ƙa'idar, sai ya kira ta "ƙa'idar nan da kuka sani," ɗalibai na ƙunshe dariya. Ya ƙi halartar bikin cikar Alwin shekara sittin, ya aika uzurin ciwon gwiwa, alhali an gan shi ranar yana hawan dutse.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar 2 ga Nuwamba, 1904, aka binne shi a Goslar kusa da mahaifinsa. Bayan wata guda majalisa ta fasa hatimin, ta ba Alwin takardun ya duba. Ya yi mako uku a kansu, sannan ya miƙe gaban majalisa da hawaye ya bayyana cewa babu kuskure ko ɗaya, shafi na tara ma ya fi nasa kyau. Ya nemi a sauya sunan, amma littattafai sun riga sun bazu, bakin mutane kuma ya saba.

Gottlieb ya bar matarsa Ottilie da 'ya'ya uku: Mathilde, da Benno, da babbansu Konrad, malamin lissafi a makarantar sakandare, wanda kowace shekara yakan rubuta wa ɗalibansa a kan allo, kamar yadda manhaja ta tanada: Ƙa'idar Dornbusch.