Gyarar da Ta Kai Surukin Gide Caji Ofis

Gide haifaffen Pauwa ne, kuma tun gemu bai fito masa ba ya gane shi da fartanya ba za su tsufa tare ba. Ya sayar da 'yan tumakin da mahaifiyarsa ta kiwata masa, ya sayi keke da akwatin koli, ya shiga bin kasuwanni. Yau Ƙanƙara, gobe Faskari, jibi Sabuwa, in damina ta yarda har Tafoki. Allura, zare, kwalli, ɗan madubi. Ya bi hanyoyin nan har itatuwan ɗorawar bakinsu suka san ƙarar ƙararrawarsa.

A zamanin ba wanda ya fi shi hannun gyara, 'yar ƙarin nan da mai kaya kan ɗora wa mai saye bayan an gama ciniki. In mace ta sayi zare, ya ɗora mata allura. In ta sayi kwalli, ya ƙara mata tsinken jan kwallin. Mutanen wajen ba sa ɗaukar gyara kyauta. A wurinsu ita ce rufin ciniki, wanda kuwa ya biya ya tashi ba ita yakan ji kamar ya ci tuwo an hana shi ruwa.

A cikin wannan yawo ya ga Saudatu a Mabai, ɗiyar Malam Abdulƙarim mai awon hatsi, ya aure ta. Tun daga ranar bai ƙara kallon fuskar dattijon ba, bai ƙara kama sunansa ba. In ya hango shi a hanya sai ya sauka daga keke, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. In kuwa akwai lungu kusa, lungun ya fi. Haka ake yi da suruki, Gide kuma ya iya.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Shekarar ƙarin albashin Udoji malaman makaranta suka sayi babura, masinja ya rataya rediyo a kafaɗa, wanda jiya yake tambayar kuɗin allura yau yana tambayar ko akwai madarar gwangwani. Gide ya ajiye keke. Wata rana ya je Kaduna sarin kaya, ya faɗa wani katafaren kanti inda ba mai ce maka me kake so. Kai za ka ɗauki kwando, ka zagaya, ka ɗebi abin da ranka ya ba ka, ka je tebur ka biya. Ya daɗe tsaye a tsakiyar kantin, hularsa a hannu. Da ya dawo Ƙanƙara bai yi shawara da kowa ba sai birkila.

Kantin ya tashi a bakin kasuwa, rufin kwano yana ƙyalli. Akwai jerin katakai maƙil da sabulu, sukari, batir da kwalaben fitila, kowane kaya da farashinsa manne a jiki. Akwai agogon bango. Teburin biya yana can ciki, jikin ƙofar sito. A bakin ƙofar fita kuma ya ajiye wani babban faranti cike da ashana, minti da dunƙulen magi, don su ja ido.

Ranar buɗewa ya yi wa jama'a bayani.

"Nan ba tayi, ba albarka. Kowa ya ɗauki abin da yake so da hannunsa, kamar a Kaduna."

Mutane suka ce madalla. Bai ambaci gyara ba, don a Kaduna bai ji an ambace ta ba. Su kuwa suka yi tunani irin na masu hankali. Tunda a wannan kanti mutum shi ke ɗaukar wa kansa kaya, to shi zai ɗaukar wa kansa gyara, ga ta ma an jera a faranti daidai hanyar fita. Wanda ya sayi sukari ya ɗauki ashana ɗaya. Wadda ta sayi sabulu ta ɗauki magi biyu, in sabulun babba ne uku. Ba mai ɓoyewa. Wasu har sukan ɗaga murya su ce sun gode, Gide daga bayan katakai ya amsa, yana zaton gaisuwa ce.

Faranti ya riƙa ƙarewa kamar ruwan tulu a bazara. Gide ya cika, ya sake cikawa. Ana nan sai wata Juma'a aka sauko masallaci aka tarar bangon kanti fayau, agogo ya tafi. Ba a jima ba rediyo guda ta bi shi. Wannan kam ba gyara ba ce. Gide ya haɗa agogo da rediyo da ashana duka a jaka ɗaya a cikin ransa, ya kira su sata, ya nufi caji ofis.

Saje Mani, babban wurin, ya saurare shi da kyau. A ƙofar ofis ɗin akwai sabuwar mota Landiroba da aka turo, tana jiran batir, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

"Alhaji, sata ta yi yawa, mun sani," in ji Saje, ko da yake Gide bai je Makka ba tukuna. "Kuɗi ne suka zo, ita kuma ta rako su. Zan ba ka mutum."

Mutumin shi ne Kofur Hadi, dogo, mai sanyin magana. Aka sa masa benci a bakin kanti. Tun ranar farko ya bayyana wa Gide cewa aikin tsaro yana sa ƙishi, saboda haka lemun kwalba. Da hantsi biskit. In azahar ta yi, gwangwanin kifi da burodi. Masu ɗaukar gyara kuwa sukan gaishe shi, ya amsa, har ya tura musu farantin kusa in hannunsu bai kai ba, don shi ma a ƙasar aka haife shi, bai ga abin kamu a nan ba. Kafin kaka Kofur ya yi kumatu. Gide ya lura ɓarayi ba su taɓa ci masa rabin abin da hukuma ke ci ba, amma bai san yadda ake sallamar hukuma ba.

Ya koma wurin Saje da ƙorafi mai laushi. Saje ya kira Kofur ya ce masa ko dai ya kawo ɓarawo, ko ya koma tsaron shingen hanyar Sabuwa, inda ba inuwa ba lemu.

Washegari ranar kasuwa ce. Rana ta ɗaga, Gide na zaune a tebur, sai ya hango rawani da sanda suna tahowa tsakanin rumfunan 'yan barkono. Tafiyar kaɗai ta isa. Bai jira ganin fuska ba, ya zame ya shige sito ya laɓe bayan buhunan sukari, kamar yadda ya saba duk ranar da surukinsa ya zo.

Malam Abdulƙarim ya yi sallama, ba a amsa ba, bai kuma yi tsammanin a amsa ba. Ya ma ji daɗi, don yaron yana da kunya. Ya zaɓi kwalbar fitila, ya ɗaga ta ga haske ya duba ko da tsaga, ya ajiye kuɗinta a kan tebur. A bakin ƙofa ya sa hannu a faranti ya ɗauki ashana ɗaya ya jefa aljihu.

Kofur Hadi ya ga tsoho ya shiga kantin da ba kowa, ya fito da kaya. Ya tuna hanyar Sabuwa. Ya miƙe.

"Baba, tsaya. Me ke aljihunka?"

"Goro da ashana. Wanne kake so?"

"Mu je ofis."

Gide yana jin komai. Ƙafa ɗaya ta ce masa fita, ɗayar ta ce ina za ka sa idonka. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa. Kafin ƙafafun su daidaita, Kofur ya ratsa da dattijon ta tsakiyar kasuwa, ta layin 'yan hatsi, inda ba mai awon da bai san shi ba. Hayaniya ta ɗauke rumfa bayan rumfa, kamar inuwar gajimare tana bin gona.

Labari ya riga Gide isa gida. Ya tarar da Saudatu ta yafa mayafi, ta ɗaure ƙullin kaya.

"Saude, ki tsaya ki ji."

"Na ji, Malam. Duk gari ya ji. Ubana tun ban zo duniya ba yake cika mudu har ya zube, yau an ja shi a kasuwa kan ashana. In ya kwana da sunan ɓarawo, ni ma ba zan kwana gidan nan ba, kuma kada a aiko biko."

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan.

A caji ofis ya tarar da dattijon zaune a benci, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Kwalbar fitila da ashanar suna kan teburin Saje. Gide ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya shiga ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Haba Alhaji, tashi," in ji Saje. "Nan ba fada ba ce."

"Ba don kai ba ne, ranka shi daɗe."

Saje ya dubi Gide, ya dubi tsohon, ya ajiye biro.

"Ka san wannan mutumin? Yaya sunansa?"

Gide ya yi ta kallon siminti. Can ya ce, "Baban su Saude ne."

"Wace ce Saude?"

"Ɗiyata," in ji dattijon. "Ita na ba shi. Ban kuma ji an kira ɗan sanda ba ranar da ya ɗauke ta."

Kofur Hadi ya soma duba rufin ɗaki.

"To abin ya zo da sauƙi," in ji Saje. "Alhaji, ce kai ka ba shi ashanar, kowa ya kama gabansa."

"Bai ba ni ba," in ji Malam Abdulƙarim. "Shina bayan buhun sukari, ina ganin ɗan yatsan ƙafarshi. Kada a sa yaro ƙarya saboda ni. Ni na ɗauka. Na sayi kwalba, na ɗauki gyarata a inda kowa ka ɗauka."

Sai a lokacin Gide ya fahimci inda farantinsa ke zuwa, da godiyar nan da yake ta amsawa.

Saje ya shafa gashin baki. "Doka ba ta san gyara ba, Baba. Ta san mai kaya. Alhaji, magana tana wurinka. In abin farantin na sayarwa ne, an ɗauka ba biya, sai alƙali. In gyara ce, to gyara ce tun ranar da ka buɗe, ga kowa da kowa. Ƙarar da ka kawo ta faɗi gaba ɗaya, don a dunƙule ka kawo ta. Agogo, rediyo, duk mu rufe. In janye kofur ɗina."

Gide ya tuna agogon, mai ƙararrawa ne. Ya tuna kantin Kaduna da fitilunsa. Ya tuna ƙullin kayan Saudatu.

"Gyara ce," ya ce da simintin. "Tun ranar da na buɗe."

Duk ɗakin ba wanda abin ya taɓa kamar Kofur Hadi.

Saje ya ce da Landiroba tana tashi da ya sa an kai Baba har Mabai. Dattijon ya ce ko tana tashi ba zai shiga ba. Ta kasuwa aka kawo shi, ta kasuwa zai koma, tun ba ta watse ba. Haka kuwa aka yi. Malam Abdulƙarim a gaba da sandarsa, Kofur a baya riƙe da kwalbar fitila da hannu biyu kamar jinjiri, can baya kuma Gide, takalmi a hannu, ƙasa tana gasa masa tafin ƙafa. Suka bi layin 'yan hatsi a hankali. A bakin kanti dattijon ya karɓi ashanar wurin Kofur ya mayar da ita faranti, ya jira har mutane suka gama taruwa, sannan ya sa hannu ya sake ɗaukar ta ya jefa aljihu. Gide ya ɗaga murya, fuskarsa na kallon bango, ya ce, "A sauka lafiya, Baba."

Da ya koma gida ya tarar an kwance ƙullin, hayaƙi yana tashi daga murhu. Saudatu ta shimfiɗa masa tabarma. Tuwon dai ya zo da man shanu.

Bayan wannan Gide ya kira kafinta ya gitta kanta, dogon teburin sayar da kaya, daga bango zuwa bango, ya koma miƙa wa mutane kaya da hannunsa kamar zamanin keke, farantin a gefen damansa, kowa da gyararsa. Aka manta da Gide ɗan koli, aka koma ce masa Gide Mai Gyara, sunan da ya bi shi har Makka ya dawo da shi. Kofur Hadi ya tafi hanyar Sabuwa, kumatun suka koma inda suka fito. Wanda ya ɗauke agogon ba a san shi ba har yau, amma duk inda yake yana sanin lokaci.

Malam Abdulƙarim ya ci gaba da zuwa ranar kasuwa har ƙafa ta gaza. Gide ya ci gaba da shigewa sito, sai dai yanzu ya ajiye kujera a ciki. Kafin ya shige yakan ɗaga ƙyauren kanta ya bar shi a buɗe, ya tura faranti gaba. Dattijon kan yi sallama, ya zaɓi abinsa, ya ajiye kuɗi, ya ɗauki ashana ɗaya. A bakin ƙofa yakan tsaya ya ce wa buhunan sukari su gaida Saude.